Dinarin Tarmanda Mai Raɓa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɓoye zinariya a cikin yashi, ya ɓoye ɗoki a cikin ƙirjin ɗan Adam. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Nomau, mutumin Birnin Kaltumba mai ganuwar jan dutse, can bayan tsaunukan da rana ke faɗawa. Abin da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji shi ba. Ƙafata ce ta taka, fatar jikina ta ɗanɗana.

Mahaifina ya rasu ina rarrafe, ƙanwarsa ce ta raine ni, Gwaggo Tasalla. Fataucin turare ta yi har ta yi arziki, amma ba ta gina soro ba, ba ta tara shanu ba. Abu guda ta sa a gaba, tsofaffin dinaran daulolin da suka shuɗe. Su ma ba kowanne ba. Wanda ya yi yawo a hannun jama'a har fuskarsa ta goge, shafaffe take ce masa, ko waiwayarsa ba ta yi. Wanda take so shi ne mai raɓa, wato wanda tun ranar da ya faɗo daga hatimin maƙeri bai shiga kasuwa ba. Irin wannan akwai wani laushin haske kwance a kansa, in ka juya shi a rana sai hasken ya zagaya kamar ruwa a faranti. Kowanne da gidansa na fatar ɗan akuya, an yi masa shimfiɗar auduga. Ba a kama shi sai da farin ƙyalle, ba a kamawa kuma sai ta gefe. Na sha ranƙwashi kafin in koyi wannan.

Duk daular da aka taɓa jin sunanta Gwaggo tana da mai raɓarta, ban da Tarmanda. Wannan birni ne na bakin kogi a can gabas mai nisa, wanda annoba ta watsa a zamanin sarauniyarsa Ayalla. An ce a shekararta ta ƙarshe ta sa aka buga dinari da surarta. Guda ɗaya Gwaggo ta taɓa samu, shi ma shafaffe ne, ba ka ganin komai sai inuwar mace a zaune.

Wata safiya ta sa na fito mata da tabarma tsakar gida. Ta ɗaga kai sama ta daɗe.

Ta ce, "Nomau, hadari ne a garin?"

Na ce, "Gwaggo, gari garau yake."

Ta ce, "To yanar ido ce ta fara rufe mini gani. Haka ta yi wa uwata, shekara ba ta zagayo ba ta gama da ita." Ta laluba ta kamo wuyan hannuna. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ina so in ga fuskar matar nan ta Tarmanda kafin a hure mini fitila."

Ni kuwa dama mai ƙaiƙayin ƙafa ne, tun ina yaro ban iya zama har tuwo ya huce ba. Kafin la'asar na ɗaura wa raƙumina sirdi. Gwaggo ta ba ni farin ƙyallenta da jakar fata guda wadda babu komai a ciki. Ta ce, "In ba mai raɓa ba ne, dawo mini da ita haka."

Na yi ta tafiya, in sauka in tashi, ba na barin raƙumi ya gama tuƙa. Duk inda na tsaya shan ruwa sai in ga kamar yanar nan tana ƙara kauri a idon Gwaggo saboda tsayuwata. Na ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyar da kai in baƙo ya wuce, ban tsaya mamaki ba. Na ratsa fadamar da kwaɗinta ke amsa sallama, na yi musu guda na wuce. A haka na isa Kasuwar Ƙyalli, inda aka ce duk tsohon abin duniya nan yake ƙarewa.

Garin nan komai nasa a goge yake. Ƙofofi na tagulla, rufin rumfuna na farin ƙarfe, har duwatsun murhu sai sheƙi. Mutanensa duk ido a kanne suke tafiya. Ina furta sunan Tarmanda sai wani mai rumfa ya ja ni ciki, ya buɗe akushi, ga dinari yana ta walwali, ga fuskar mace raɗau. Na matsa kusa. Na zaro ƙyalle na kama shi ta gefe, na fito da shi rana, na juya. Hasken bai zagaya ba. Ya tsaya cak yana kashe ido kamar gindin tasa. Shafaffe ne aka dirje da toka da tsamiya, aka zana masa sabuwar fuska da tsinin allura.

Na mayar na ce, "Allah ya kawo kasuwa."

Mai rumfa ya riƙe mini riga. Ya ce, "Baƙo, ba ka san dokar garin nan ba? Wanda ya taɓa ya saya. Da abin hawansa kuma yake biya."

Kafin in ankara majiya ƙarfi sun kama akalar raƙumina, an kai mu gaban Sarkin Kasuwa. Ba raƙumi a wannan jeji daidai yake da ba rai. Na tsaya ina duban ƙyallen da ke hannuna, sai dabara ta faɗo mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dokarku gaskiya ce, ban ja da ita ba. Amma wa ya taɓa? Ni fatata ba ta taɓa shi ba. Ƙyallen nan ne ya taɓa. Shi ya saya, shi zai biya."

Sarkin Kasuwa ya ce, "To mene ne abin hawan ƙyalle?"

Na ce, "Aljihuna, ranka ya daɗe. A ciki ya yi duk tafiyar nan." Na sa wuƙa na farke aljihun rigata na ajiye a gabansa.

Taro ya tuntsire da dariya. Mai rumfa ya rantse cewa ya ga yatsana a kan dinarin. Sai wata murya daga baya ta ce, "Ƙarya yake yi, ni shaida ne. Wannan ɗan gidan Tasalla ne, su ko a mafarki ba sa taɓa dinari da hannu."

Na waiwaya, sai ga Makau, dillalin tsofaffin kaya na garinmu, mutum mai zaƙin baki wanda ya daɗe yana zarya gidan Gwaggo don ta sayar masa da ko guda, tana korarsa. Ashe tun daga Kaltumba yake bin sawuna. Sarkin Kasuwa ya sallame ni yana share hawayen dariya, amma ya raɗa mini cewa kada rana ta faɗi ina garin.

A bayan gari Makau ya jero da jakinsa kusa da ni. Ya ce, "Ɗan Gwaggo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai guda kake nema, ni kuwa duk abin da ya ragu. Mu tafi tare."

Ban so ba. Amma bakinsa ne ya cece ni yanzun nan, kunya ta hana ni cewa a'a.

Tafiya ta kai mu Kogin Waiwaye. Wannan kogi da safe gabas yake gudu, wajen Tarmanda. In rana ta take tsaka sai ya tsaya cik kamar mai tuna mantuwa, sannan ya juyo yamma da ƙarfinsa duka har gari ya waye. Muka bar dabbobinmu a ƙauyen bakin ruwa, muka shiga jirgin wata mai fito, Hakama, ƙatuwar mace mai damatsa kamar turmi, muryarta tana kaiwa tsallake ba ta ɗaga ta ba.

Tsarinta shi ne mu bi ruwa da safe, da tsakar rana ta ɗaure jirgi a gindin itace, mu zauna har wata safiyar. Zaman nan ya fi mini komai ciwo. In hau tudu in sauko, in kwance igiya in ɗaure, in karya kara in jefa ruwa in ga ya nufi gida ya bar ni.

Rannan na kasa daurewa. Na ce, "Inna, ba ni gorar tuƙin nan in tura mu. Ko taƙi ne mu rage."

Ta miƙo mini tana ɓare gyaɗa. Na tura har tafukana suka sale, na ɗago kai, sai ga itacen da muka baro ya wuce mu ta gaba. Baya muke yi.

Ta ce, "Ka gama, ɗan samari? Kogin nan ya girmi kakanka, bai taɓa yi wa kowa sauri ba." Ta karɓi gora ta mayar da mu gaɓa.

Da muka ƙara nisa na kamfaci ruwa na sha, sai na ji zaƙi. Na dubi Hakama.

Ta ce, "Kun kusa. Tun da mutane suka bar Tarmanda ƙudan zuma suka gaje ta. Gidan da ake buga kuɗin nan da kuke nema shi ne babbar amyarsu, zumar ce ke tsiyayowa kogi. Kowane ƙuda ya kai babban yatsa. Na sha kawo irinku. Waɗansu sun dawo kansu ya yi tulu, waɗansu har yau ina jira." Ta nuna gefen sama da haɓa. "Ku kuma dubi can. In ruwan farko ya sauka kogin nan haukacewa yake yi, ba gabas ba yamma, ba mai sa jirgi sai kaka. Ku yi abin da za ku yi ku fito."

Makau ya lumshe ido ya ce, "Kaki! Ɗan Gwaggo, ka ji? Dinari a cikin kaki, ba iska ba hannu, tun zamanin Ayalla!" Ni ma abin da ya faɗo mini ke nan.

Tun kafin mu hangi ganuwa muka ji ƙugin birnin, kamar ana niƙa a ƙarƙashin ƙasa. Muka jira hantsi ya ɗaga, lokacin da mafi yawan ƙudan suka fita kiwo. Muka shafe jikinmu da lakar kogi tun daga kai har ƙafa, muka cika tukunya da busasshen kashin raƙumi muka sa wuta, muka shiga muna tafe cikin hayaƙi. Tituna duk ciyawa, ƙofofi a buɗe, saƙar zuma na reto daga kowace taga. Gidan buga kuɗin ƙubba ce babba ta dutse. Kaki ya toshe ƙofofinta ya daskare kamar ƙarfe, sai wata kafa a can ƙololuwa. Muka hau ta bayan gini.

Makau ya leƙa ya ja baya. Ya ce, "Ka gan ni da tumbi. Kai ne siriri. Zan riƙe maka igiya."

Na rataya kwando, na ɗauki tukunyar hayaƙi, ya zura ni. Ciki haske ja ne kamar na garwashi, rana tana ratsa bangayen saƙa masu tsawon rimi. Zafi kamar gidan burodi. Ƙudan da suka rage suna sauka a kan lakar jikina, su yi ta tafiya a fatar idona, hayaƙi ya sa su kasala. Ban yarda na yi tari ba.

A ƙasa na tarar da maƙera yadda aka gudu aka bar ta, ga uwar maƙera, ga guduma, ga tuluna sun fashe. Abin da ya zube daga cikinsu tsohon kaki ya binne shi. Na durƙusa na kara tukunya, sai na hango su a ciki, jere, kamar ƙwai a cikin kaza. Na sa wuƙa nesa da su ina yanko kakin gunduwa-gunduwa. Wata 'yar gunduwa mai dinari ɗaya tal na ɗaga wajen haske. Ko ta cikin kakin gefensa a tsaye yake, ba lotsawa ba ƙwarzane. Na naɗe ta a ƙyalle, na tura cikin jakar Gwaggo, na ɗaure a wuyana. Saura na cika kwando.

Makau ya leƙo ya ce, "Turo kwandon tukuna, kada nauyi ya tsinke igiya."

Na ɗaura, ya ja. Na tsaya ina duban kafar nan, ina jiran igiya ta dawo. Na jira. Na kira shi ƙasa-ƙasa. Na kira da ƙarfi, ƙudan suka motsa gaba ɗaya kamar an girgiza bargo. Ba Makau, ba igiya. Wutar tukunya kuwa ta fara mutuwa, laka ta bushe tana tsattsagewa a jikina. Harbi na farko ya same ni a bayan kunne, na ji kamar an kafa mini ƙusa mai zafi.

Na yi ta zagaya bango ina laluben ƙofa, ko'ina kaki. Sai santsi ya kwashe ni na faɗi zaune. A nan ƙasa na lura zumar da ke ɗiga ba ta taruwa, gangarawa take yi gefe guda a hankali. Na tuna zaƙin ruwan kogi. In tana isa can, to tana da hanya. Na bi ta da rarrafe har bayan uwar maƙera, sai ga bakin magudanar dutse inda a da maƙera suke zubar da ruwan aiki. Faɗinta da ƙyar ya kai kafaɗuna, zuma ta cika ta saura kaɗan. Na cusa jakar a bakina na datse da haƙori, na kwanta rigingine, hancina yana gogar rufin dutse, na tura kaina ciki.

Wanda bai taɓa nitsewa a zuma ba bai san nauyi ba. Ta riƙe mini ƙafafu, ta cika mini kunnuwa, ina ja da gwiwar hannu kamar tsutsa. A wani wuri rufin ya sauko har ta rufe mini fuska, na riƙe numfashi na yi ta turawa da dugadugai, ina ganin taurari. Na ce shi ke nan, nan za a tsince ni bayan zamani, ni ma ba iska ba hannu. Sai dutsen ya ƙare a ƙarƙashina, na faɗa kogi tsundum.

Na fito gaɓa ina aman zaƙi. Jakar tana nan a bakina. Na bi gefen ruwa da gudu wajen jirgi, sai na yi tuntuɓe da mutum. Makau ne kwance, ban gane shi ba sai ta rigarsa. Ya sungumi kwando mai ɗigar zuma ya ratsa gari ba hayaƙi, daidai lokacin da ƙudan ke dawowa daga kiwo. Fuskarsa ta kumbura har idanu sun ɓace, numfashinsa na fita da ƙyar kamar ta tsinke. Kwandon yana can baya ya zama baƙin dunƙule mai motsi, ba mai iya kusantarsa.

Hakama ta iso, ta duba shi, ta girgiza kai. Ta ce, "In muka bi ruwan yamma da shi, ba zai kai ƙauyen farko ba. Mai maganin wannan harbi yana tsibirinmu, gaba da nan. Sai mu kwana, mu bi ruwan safe." Ta dubi sama, na duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kudu. "Amma in muka yi gaba, ɗan samari, ba na ce za mu dawo kafin ruwa ba. Kai ka ɗauke ni. Faɗi."

Kogi ya riga ya juya. Yana gudu yamma, wajen raƙumina, wajen Kaltumba, wajen idon Gwaggo. Na taka har jirgi na sa ƙafa ɗaya a ciki. Na dawo. Na sake komawa. Na tsaya a kan Makau na zage shi tas, na zagi tumbinsa, na zagi ranar da ya yi mini shaida. Shi kuwa ba abin da yake yi sai wannan numfashi mai kama da kukan ƙofa. Na ɗaga ƙafa in tafi, ƙafar ta ƙi.

Na ce, "Inna, kama ƙafafunsa."

Mun isa tsibirin da hantsi, tsohon mai magani ya ɗura masa wani baƙin ruwa ya shafe shi da toka. Kafin azahar sama ta tsage. Kogin Waiwaye ya haukace yadda Hakama ta faɗa, yana juyi a wuri ɗaya yana tumɓuke itatuwa.

Damina guda na yi a tsibirin nan. Na zagaya shi har sawuna ya zama hanya, masunta suna ce mata turbar baƙo. Na ɗaɗɗaure gora zan yi gadon fito in haye, Hakama ta sa gatari ta farfasa. Na daina cin abinci a zaune. Kowace safiya in fito da gunduwar kakin nan in duba, in mayar, ban yarda na fasa ba, don nan ne ya fi aminci.

Makau ya tashi, amma kunnensa ɗaya ya mutu, hannunsa na dama yana rawa. Ya daɗe yana kauce mini. Wata rana ya same ni a bakin ruwa ya tsuguna nesa kaɗan.

Ya ce, "Ɗan Gwaggo, me ya sa?"

Na ce, "Malam Makau, kada ka tambaye ni. In na tsaya neman dalili ban samu ba, kogin nan zan jefa ka."

Can ya ce, "Ka fito da ko guda?"

Na dube shi. Ya tashi ya ba ni wuri. Da kaka ta yi, ruwa ya kwanta, ya ce shi ba zai iya haɗa ido da mutanen Kaltumba ba, ya zauna wurin masunta yana yi musu dillancin kifi.

Yadda na komo ba zan iya ba ku labarinsa ba, don ban ga hanya ba. Raƙumina ya durƙushe a ƙofar gari, na bar shi nan na ƙarasa da gudu. Hantsi ne. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida kan tabarmarta, ta rame, fuskarta tana duban bango. Na yi sallama, ta juyo, amma ba daidai inda nake ba. Idanun nan biyu fari fat kamar nono.

Na zube a gabanta.

Ta ce, "Nomau ne. Na san wannan haki. Ka makara, ɗan nan. Tun tsakiyar damina aka hure fitilar."

Na ba ta labari duka, ina yi ina kuka. Da na zo kan Makau ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Makau? Makau dai mai tumbi? A kansa na rasa ganin Ayalla?" Ta yi tsaki mai tsawo. Sannan ta ce, "Ya rayu?"

Na ce, "Ya rayu."

Ta ce, "To. Ɗora ruwa a wuta. Ɗumi kawai, kada ya tafasa. Kada ka kuskura ka goga, bar kakin ya saki da kansa."

Na yi yadda ta ce. Kakin ya yi laushi ya buɗe, na tsamo dinarin da ƙyalle, na bar shi ya tsane. Ban taɓa ganin abu irinsa ba, a duk jakunkunan Gwaggo babu na biyunsa. Tausayinta ya kama ni. Na kamo hannunta na buɗe tafin, na ce, "Gwaggo, ga shi. Shafa ki ji fuskarta da yatsa. Naki ne."

Ta fizge hannun ta kai mini ranƙwashi, ta same ni daidai tsakar ka kamar tana gani.

Ta ce, "Makanta na yi, ba hauka ba! Abin da ya tsira daga hannun mutane tun zamanin annoba, ni zan fara ɓata shi? Zauna. Kama shi ta gefe. Kai ne idona yau. Fara daga goshi, kada ka yi mini gaggawar nan taka."

Na zauna. Na faɗa mata goshi mai faɗi, da kitso shuku wanda ana iya bin kowane layinsa, da 'yan kunne masu siffar kifi. Ta ce in koma kan kitson, na koma. Na faɗa mata tsaga siririya a kumatu, da wuya mai gaɓa-gaɓa, da filafilin jirgi a kwance bisa cinyarta. Na matso da shi kusa da idona na ce, "Gwaggo, murmushi take yi. Wallahi har wushirya gare ta."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Wushirya! Ja'irar mata! Shekara da shekaru ina zaton mai ɗaure fuska ce." Ta yi dariya har ta yi tari. Sannan ta nutsu, ta yi ƙasa da murya. "Raɓar fa?"

Na ce, "Tana nan kwance, kamar yanzu ya faɗo daga hatimi."

"Juya shi a rana."

Na matsa inda rana ta fi ƙarfi, na karkata shi a hankali. Hasken ya tashi daga gefe ya zagaya, ya tsallake ya faɗa a fuskarta, ya ratsa fararen idanun nan. Ta zabura ta riƙe gwiwata.

Ta ce, "Tsaya. Wani abu ya gilma." Hawaye ya gangaro mata. "Sake. A hankali, Nomau. A hankali."

Na sake. Inuwa ta bar bangon yamma ta koma na gabas, tuwon da aka kawo mana ya huce ya sandare, ƙafata ta yi sanyi a ƙarƙashina ban motsa ta ba. Ina juyawa, tana cewa in sake, har rana ta sauka bayan katanga.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na faɗa daidai, Allah ne ya datar da ni. Abin da na rage, hanya ce ta cinye shi.